Kiran Ranar Alhamis

Garwa, unguwar Yelwa
Farkon watan Maris

Taubashiyata Kaltumi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da yara da surukarki Inna da duk mutanen Bogo. Ina fata kun gama yankan dawar masakwa lafiya. Ni jikina da sauƙi, sai ƙafar nan da ta saba kumbura in zafi ya taso, kuma zafin Garwa kin san shi, bana da wuri ya fara dafa mu.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata tana hannun jandarmomi, kuma an gargaɗe ni kada in yi wannan magana a wayar kowa. Zan ba direban ajans, wato tashar motocin haya, ya kai wa ɗan'uwanmu Mahfuzu a unguwar Dugoi ta Maruwa, shi kuma ya ba masu zuwa kasuwarku.

Kaltumi, an kama Ziyad.

Kin san in ya taso daga lise, makarantar sakandarensu, yakan zauna a rumfar cajin waya kusa da tashar babura. Akwai wani mutum da ya saba tsayawa wurin, wata rana ya ce masa katinsa ya ƙare, ya ara masa waya ya kira wani. Wa zai hana? Ni na koya masa kada ya hana babba abin da ya roƙa. Ashe mutumin yana cikin ɓarayin babura, kuma jandarmomi sun daɗe suna sauraren wayoyinsu da izinin alƙali. Daga ranar lambar yaron ta shiga hannunsu, suka koma sauraren tasa, mu ba mu sani ba. Har faɗan da nake yi masa kan wanki, wai duk yana wurinsu a ajiye. Sim ɗin kuma da sunana aka yanka, tunda bai kai shekarun yin katin ɗan ƙasa ba, don haka ni ma na wuni ina amsa tambaya.

Bayan 'yan kwanaki a wurinsu aka kai shi gaban alƙalin bincike, shi kuma ya tura shi gidan yari, ɓangaren yara, har a gama bincike. Na samu lauya, Metir Hubert. Ya ce tunda shekararsa sha shida, alƙali yana iya danƙa shi hannun iyaye ya jira shari'a a gida. Na miƙe na ce ga ni, ni ce uwarsa. Suka ce ina takarda? Don Allah wa ya taɓa rubuta takarda don ya ba 'yar'uwarsa ɗa? Ranar da kika yaye shi kika ɗora mini shi a cinya, ba wanda ya kira magatakarda. Suka ƙara da cewa sunana yana cikin maganar, ba za a ba ni shi ba. Babansa ya rasu, saura ke.

Ki zo, Kaltumi. Na san halinki, sai an ja ki kamar akuyar da ta ga ruwa, amma wannan karon ki zo da ƙafarki.

Taki,
Nafisatu

*

Bogo
Ƙarshen watan Maris

Yaya Nafi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun ji abin da ya faru, innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Muna lafiya, sai Inna da ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ni ke jinya. Masakwa ta yi kyau. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi.

Maganar yaron naki, Allah ya fitar da shi. Ke kika raine shi, ke kika san abin da zai yi da wanda ba zai yi ba, in kin ce bai yi ba to bai yi ba. Ni me zan faɗa wa alƙali wanda ke ba ki faɗa ba? Ban san Faransanci ba, ban taɓa shiga ofis ba. Ga baffansa Ɗanmalam, ya ce in ana son namiji zai zo. Ki tambayi lauyan.

Na aiko da ƙuli-ƙuli da garin yaji da busasshiyar yakuwa. Akwai wata riga a ƙasan buhun, ki ba duk wanda ta yi wa daidai.

'Yar'uwarki,
Kaltumi

*

Garwa
Watan Afrilu

Kaltumi,

Gaisuwa. Allah ya ba Inna lafiya. Ni ban da lafiya, kuma ba ƙafa ba ce.

"Yaron naki"! Na karanta takardarki sau uku ina neman inda hannunki ya girgiza, ban samu ba. Ana maganar ɗa a gidan yari, ke kina ba ni labarin masakwa. Rigar ta yi masa daidai kamar an gwada, ban san yadda kika yi ba, amma riga ba za ta tsaya gaban alƙali ba. Metir Hubert ya ce alƙali ba zai karɓi baffa ba alhali uwa tana raye kuma ta ƙi zuwa.

Na ce ta ƙi, don haka aka rubuta. Kin tuna wata mata mai tabarau da ta zo gidanku daga Maruwa, Madam Léontine? Ma'aikaciyar kula da yara ce, alƙali ne ya sa a duba gidan da za a mayar da yaron. Ta rubuta cewa ta same ki kusa da surukarki, ta tambaye ki ko ɗanki ne, kika sunkuyar da kai kika ce na Garwa ne. Ta ce ki faɗi sunansa, kika ja mayafi kika shige ɗaki. Ni na san kunyar ɗan fari, a cikinta aka haife ni, na san gaban Inna ko wuƙa aka sa miki ba za ki kira sunansa ba. Amma ita Madam ba 'yar nan ba ce. Abin da ta gani ta rubuta: uwa ba ta son yaron, babu gidan da za a mayar da shi.

A gabansa aka karanta, kuma yana jin Faransanci fiye da ni. Da na je ziyara ya ce, "Mama, ki bar Adda Kaltumi, kada ki ƙara rubuta mata." Bai yi kuka ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ga abu na biyu. Metir Hubert ya ga abin da ke cikin binciken. Maganar aron waya ba ta da nauyi, mutumin da kansa ya ce ara ya yi. Abin da ya riƙe Ziyad shi ne wani kira. Duk ranar Alhamis da hantsi ana kiransa daga wani kol-bos na kasuwar Bogo, wurin da ake biya a yi waya. Ya ɗauka ya ce alo, alo, ba a magana, can sai a kashe. An kunna mini na ji da kunnena, ana jin hayaniyar kasuwa da kukan shanu. Su kuma masu bincike sun ce ta kasuwarku ake fitar da baburan sata ranar Alhamis, don haka kiran alama ce ake ba shi ya sanar da sauran. Ya rantse bai san ko wane ne ba, ya ce ya daɗe yana zaton wani mai taɓin hankali ne. An tambayi mai kol-bos ɗin, wani Eugène, ya ce ranar kasuwa mutane ba su ƙirguwa.

Tunda ba za ki zo ba, ki yi mini abu ɗaya. Kina Bogo, kina shiga kasuwar. Ki sa Ɗanmalam ya bincika wane la'ananne ne yake wannan wasa da rayuwar ɗana.

Nafisatu

*

Garwa
Watan Mayu

Kaltumi,

Ina gaisuwa, in har ana amsawa. Na je ajans har direbobi sun san ni, da sun hango ni sai su girgiza kai tun ban tambaya ba.

An yi ruwan farko. Na fita in kwashe shanya sai na ga ba kayan kowa a igiyar sai nawa. Keken ɗinkina ma na rufe shi, na ɓata wa wata mata atamfa, na yanke hannu biyu na gefe ɗaya. Maƙwabta da suke shigowa hira sun ɗauke ƙafa, kowa yana tsoron a ce an ji muryarsa a gidan da ake saurare. Ba na ganin laifinsu sosai, amma gidan ya yi mini girma.

Ziyad ya rame, ƙuraje sun fito masa a wuya. Suna da yawa a ɗaki ɗaya, ga zafi. Akwai wani malami da yake zuwa yana koya musu karatu, shi ya ce yaron ya daina buɗe littafi. Jarrabawar bana dai ta wuce shi. Da na kai masa tuwo ya raba wa yaran ɗakin, ya ce shi ba ya jin yunwa.

Alƙali zai sake zama da shi tsakiyar watan gobe. In ba a gano mai kiran ba, kuma ba uwa, zai ci gaba da zama a ciki har ranar shari'a, wadda ba wanda ya san ranarta. Na yi miki magana mai zafi a waccan takardar, ban janye ba. Amma shirunki ya fi zagi ciwo. Ashe da gaske kin ba ni shi ne don ki huta?

Nafisatu

*

Bogo
Farkon watan Yuni

Yaya Nafi,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna ta fara zama. Takardunki biyu tare suka zo jiya. Mahfuzu ya tafi Kuseri sarin kaya ya bar su a cikin shago, sai da ya dawo. Wallahi ban yi shiru da gangan ba. Tun jiya ban sa komai a bakina ba.

Ba sai Ɗanmalam ya bincika ba. La'anannen da kike nema ni ce.

Ki bar ni in faɗa, kada ki yage takardar. Bara waccan da kuka zo ta'aziyyar babansa, na ga ya yi tsawo, muryarsa ta fashe ta koma irin ta marigayi. Kwana nawa kuka yi, ban iya ɗaga ido na kalle shi ba, gida cike da dangin miji. Da za ku tafi ya rubuta wa ƙannensa lambarsa a bangon zaure da gawayi. Na haddace ta kafin ruwa ya wanke. In na kira da wayata zai ga ni ce, kuma me zan ce masa? Uwa ta kira ɗan fari ta ce ina kewarka? Sai na riƙa tsayawa wurin Eugène in na kai man gyaɗa kasuwa. Ya ce alo, in ji lafiyarsa ƙalau, in kashe, in koma in zauna gaban kwalabena. Wannan alo ɗin nake ci har wata Alhamis. Tun da aka kama shi ina zuwa kasuwar in wuce rumfar Eugène ban san inda zan sa kaina ba.

Rigar kuwa, ranar da kuka zo na ga inda kafaɗarsa ta kai a jikin ƙofa, na ƙara kaɗan.

Ashe ni na ɗaure shi. Ni da nake zaton ba wanda ya sani sai Allah, ashe akwai masu ji, suna rubutawa. Yaya Nafi, kunya kamar ƙasa ta tsage, tsoro kuma ya fi kunyar. Da matar nan mai tabarau ta zo, Inna tana kwance tana kallona, bakina ya ƙi buɗuwa. Ban san maganar za ta je kunnensa ba. Ya ce a bar ni? Haka ya ce?

Da safe na durƙusa gaban Inna na faɗa mata duka, ina jiran ta ce na zubar da mutuncin gida. Can ta ce nata ɗan farin ya mutu ba ta taɓa kiran sunansa ba, yanzu kullum tana kira ba mai amsawa. Ta ce in tashi in nemi mota.

Zan taso ranar Litinin, in kwana Dugoi, in kamo motar Garwa. Eugène ya ce ya tuna ni, wai matar da take biya ba ta magana, kuma zai faɗa in an tambaye shi. Ki tarye ni a ajans, ban san gari ba. Ki tambayar mini lauyan, dole ne sai na faɗi sunan da bakina?

Kaltumi

*

Garwa
Ƙarshen watan Yuni

Kaltumi, sarauniyar kurame,

Ina fata kun isa lafiya, hanya ba ta wahalar da ku ba. Ki gaishe da Inna, ki ce na gode mata. Ƙafa ta sabe tunda ruwa ya sauka.

Alhamdulillahi. Ina ta faɗa ina maimaitawa, kuma har zuciyata nake faɗa. Ya fito, yana shaƙar iska, yana kwana a kan katifa. Da alƙali ya ce ya danƙa shi hannun mahaifiyarsa, ya zauna Bogo, ya riƙa zuwa Maruwa wurin Madam Léontine tana duba shi har a rufe maganar, Metir Hubert ya fito yana murna yana cewa mun ci nasara. Na ce masa useko, wato na gode, na yi dariya. Sai da motarku ta fita daga ajans na gane abin da na yi ta roƙo wata huɗu. Na roƙa a ba ki shi, aka ba ki.

Ba zan ɓoye miki ba, ina kishi, kuma ina jin kunyar kishin. Jiya na auna shinkafar mutum biyu. Takalmansa na ƙwallo suna bakin ƙofa, na kasa ɗagawa. Wayata har yanzu ba su mayar ba, ko sun mayar ma wa zai kira ni?

Ki sani ba ya cin miyar kuɓewa sai an sa yaji da yawa. In ya yi shiru yana murza kunne, ransa ne a ɓace, kada ki tambaye shi, ki ba shi aiki. Ki sa Ɗanmalam ya nema masa wuri a lise kafin a koma. Maganin ƙurajen yana aljihun jakarsa na gefe.

Abu ɗaya nake bin ki. Ni a benci aka bar ni a waje, tunda sunana yana cikin maganar. Kuka fito ke ido ja shi ido ja, a gida kuma kika yi gum har kuka tafi, shi ma ya ƙi faɗa. Me kika ce a ciki? Shekara goma sha huɗu ina yi miki riƙo, ki biya ni da wannan.

Taki,
Nafisatu

*

Bogo
Watan Yuli

Yaya Nafi,

Assalamu alaikum. Mun iso lafiya, kowa lafiya. Inna tana takawa har zaure. An yi shuka, gero ya fito. Ƙurajen sun bushe. Mun je Maruwa, Madam Léontine ta riƙe hannuna ta ce in yafe mata, na ce ba ta yi mini komai ba.

Kin tambaya, ga shi. Ɗakin ƙarami ne, alƙali da magatakarda da lauya da wani tafinta Sylvain, sai yaron a kujera ya juya mini ƙeya. Alƙali ya ce ta yaya zai san ni ce mai kiran, ba wai na zo in rufa wa ɗa asiri ba? Na ce a tambaye ni abin da aka ji. Na faɗi ranar da yake tari. Na faɗi ranar da ya ɗauka da abinci a bakinsa. Na faɗi ranar da ya ce, "Bawan Allah, in ba ka da lafiya ne Allah ya ba ka sauƙi." Magatakarda ya duba, ya kunna, ga shi nan kamar yadda na faɗa. A cikin ɗaya har ana jin numfashina, ni ban san ina numfashi da ƙarfi haka ba.

Alƙali ya ce to me ya hana ni magana? Sylvain ya yi masa bayanin al'adarmu, alƙalin ya saurara, ya ce ya gane, amma shi doka ta sa ya ji daga bakina: wane ne wannan, kuma mene ne shi a wurina? Na kalli ƙasa. Na tuna Inna. Na faɗa. Muryata ba ta fita ba, ya ce in ƙara. Na ɗaga murya na faɗi sunan, na ce ɗana ne, ni na haife shi, shi ne na fari. Sai yaron ya juyo. Ya sa fuskarsa a cikin rigar nan. Shi ke nan abin da ya faru.

A nan yana ƙoƙari. Yana bin Ɗanmalam gona, ƙannensa sun manne masa. Har yanzu Adda yake ce mini kamar yayarsa, kuma ban hana ba. Mu biyu in muka haɗu a tsakar gida ba mu san abin da za mu ce wa juna ba, sai ya tambaye ni ko akwai ruwan da za a ɗebo. Da yamma yakan zauna a zaure yana murza kunne, na ba shi aiki kamar yadda kika ce, amma na san ba aiki yake nema ba.

Ranar Alhamis ban je kasuwa ba, ina wanki. Wayata ta yi ƙara da hantsi, hannuna duk kumfa, na ce ya ɗauka. Baƙuwar lamba ce, ta Garwa. Ya ce alo. Ya sake cewa alo. Ya ɗago ya kalle ni, ga ni a gabansa hannu cikin ruwa. Sai ya juya baya ya ce, "Mama, na san ke ce. Kin ci abinci?" Aka kashe. Ya ajiye wayar a kan turmi ya zaga bayan ɗaki, ya daɗe bai fito ba.

Haba Yaya Nafi! Ke da bakinki ba ya rufuwa tun muna yara, ke za ki gaji wannan hali? Ni na san abin da ke cikin shirun nan, na zauna a cikinsa, ba abin da yake ƙosarwa. Ki kira ki yi magana, ki yi masa faɗan wanki. In ma har yanzu suna saurare, su saurara, su ji yaro mai uwa biyu. Da an rufe maganar ni da kaina zan kawo miki shi, na san hanya yanzu.

Ziyad yana jiran kiranki ranar Alhamis. Kin ga na rubuta sunan da hannuna.

'Yar'uwarki,
Kaltumi